Jona wayoyin sauti a bayan risiba da furosesa: tambayoyin da ake yawan yi mini a Legas

Na daɗe ina shiga gidajen mutanenmu a Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12 ina haɗa kayan kallo, kuma kukan kusan iri ɗaya ne. Mutum ya je Alaba ya zuba kuɗi ya sayo risiba da sifiku biyar ko bakwai, ya kawo gida ya jona, hoto ya fito amma babu murya, ko muryar ta maƙale a sifiku biyu. Daga nan sai ransa ya ɓaci, ya ce an sayar masa da matacciya. A mafi yawan gidajen da na je, na'urar lafiyarta ƙalau. Wayar ce aka sa a wata kafa, ba a gaya wa na'urar ta saurari wannan kafar ba. Na tara tambayoyin a nan don mutum ya gwada da kansa kafin ya biya kuɗin mota da na mai gyara.

Mene ne bambancin risiba da furosesa, kuma wacce ce tawa?

Risiba aiki biyu take yi a akwati ɗaya. Tana karɓar sauti daga dikoda ko talbijin ta raba wa kowace sifika rabonta, sannan akwai amfilifaya a cikinta mai tura sifikun. Furosesa kuwa aikin farko kaɗai ta sani, sai an haɗa ta da amfilifaya daban kafin a ji komai. Juya bayanta ka duba. Idan ka ga jerin maɗaurai ja da baƙi na wayar sifika, risiba ce. Idan babu su sai ramukan da aka rubuta Pre Out a kansu, furosesa ce. Wajen shigar da sauti tafiyarsu ɗaya, don haka duk inda na ce risiba a nan, mai furosesa ma da shi nake.

Abin da yawancinmu ke kira hom tiyata, wato saitin LG ko Samsung ko Sony mai DVD a cikinsa da ke zuwa da sifikunsa a kwali ɗaya, ƙanen waɗannan ne. Kafofinsa kaɗan ne, galibi oftikal ɗaya, AUX ɗaya da HDMI ɗaya mai fita zuwa talbijin. Mai irinsa ya fi buƙatar amsoshin ARC, wato hanyar dawo da sauti daga talbijin, da na oftikal da ke ƙasa.

Bayan na'urar cike yake da ramuka. Waɗanne ne na shigar da sauti?

Fara neman kalmomi biyu, IN da OUT. Duk abin da ke kawo sauti, dikoda ce ko kwamfuta ko PlayStation, a IN yake shiga. Kafofin shiga iri huɗu ne. HDMI mai faɗin baki, wadda ke ɗauko hoto da sauti tare. Oftikal mai ɗan murabba'in rami, an rubuta Optical ko OPT. Kowaksiyal, rami guda mai zagaye, yawanci ruwan lemo. Sai ja da fari da kowa ya sani, ja na dama, fari na hagu. Rawaya ba ta sauti ba ce, hoto take ɗauka. Manyan furosesa sukan ƙara da XLR mai haƙora uku, na yi maganarta a amsar makirufo da mikisa.

Wace waya ta fi kyau a cikinsu?

HDMI, matuƙar na'urorin biyu suna da ita. Tana iya ɗaukar layin sauti har takwas ba tare da an matse su ba, kuma tun daga HDMI 1.3 na 2006 take wucewa da Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio, irin sautin da ke kan faifan Blu-ray. Dolby Atmos ma ta nan yake bi.

Oftikal da kowaksiyal 'yan uwa ɗaya ne, yare ɗaya suke yi mai suna S/PDIF da Sony da Philips suka tsara, sai dai ɗaya da haske take aikawa, ɗayar da lantarki. Kan wayar oftikal da muke amfani da shi Toshiba ce ta fito da shi a 1983. Iyakarsu sitiriyo, ko Dolby Digital da DTS na 5.1, wato sifiku biyar da wufa ɗaya. Ba sa ɗaukar TrueHD, ba sa ɗaukar Atmos. Kada wannan ya sa ka raina su. Ga mai kallon ƙwallo da fim a dikoda, oftikal ta ishe shi, kuma ba ta da yawan rigimar HDMI. Ja da fari kuwa layi biyu ne kawai, ba za su taɓa ba ka 5.1 na gaskiya ba komai tsadar wayar.

Na sa waya daidai, na danna maɓalli a rimut, shiru. Me ya rage?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace kawo ni gidajen mutane. Sunayen da ke kan rimut, irin su CBL/SAT, DVD, GAME, TV, CD da AUX, sunaye ne kawai. Ramukan da ke baya kuma daban suke. A cikin na'urar akwai wani jadawali da ke cewa idan an danna suna kaza a saurari rami kaza. Kafofin HDMI yawanci an riga an ɗaura su da sunan da aka buga a jikinsu. Amma oftikal da kowaksiyal lamba suke da ita, OPT 1, OPT 2, COAX 1, kuma kamfani ya ɗaura kowace da wani suna tun daga masana'anta, sau da yawa TV ko CD. To idan ka sa dikodarka a OPT 1 alhali OPT 1 ɗin an ɗaura ta da TV, kai kuma kana danna CBL/SAT, ka aika kaya a motar Sakkwato ne ka je tashar Kano kana jira.

Gyaran ba wuya. Danna Setup a rimut, jadawalin zai fito a talbijin. A Denon da Marantz ka shiga Inputs sannan Input Assign. A Onkyo sunansa Input/Output Assign. A Yamaha ka nemi Audio In, manyan cikinsu kuma I/O Assignment. Za ka ga sunaye a jere, gaban kowane an nuna HDMI ɗinsa, dijital ɗinsa da ja da farinsa. Je kan sunan da kake so ka riƙa dannawa, ka zaɓi lambar ramin da wayarka take ciki. Rami ɗaya na dijital ba ya zama a sunaye biyu a wasu na'urori, don haka idan ka ba wani, an cire shi daga wancan ke nan.

Saura abu ɗaya. Kowane suna yana da saitin da ke nuna wace kafa za a fifita, ana rubuta Input Mode ko Audio Select. Idan yana kan Auto, na'urar HDMI take fara saurara, sai dijital, sai ja da fari. Wanda hotonsa ke bin HDMI amma sautinsa ke bin oftikal ya mayar da shi Digital ko Optical, in ba haka ba za ta tsaya tana jiran sauti daga HDMI. Shawarata, ka jona na'ura ɗaya ka ji muryarta kafin ka taɓa ta biyu, ka liƙa ɗan salatif a kowace waya ka rubuta sunanta, in ka gama ka ɗauki hoton bayan da na jadawalin da wayarka. Ranar da yara suka yamutsa rimut, hoton nan ne zai cece ka.

Dikodar DStv ko GOtv ko StarTimes, a risiba zan sa ta ko a talbijin?

Idan risibarka tana da HDMI, sa dikodar a cikinta, sannan waya ɗaya ta tashi daga HDMI OUT ta tafi talbijin. Haka sautin ke isa kai tsaye ba ɗan aike a tsakani. Wasu tashoshin HD na DStv, kamar na SuperSport da M-Net, suna aiko da Dolby Digital 5.1 a wasu shirye-shirye, amma sai ka shiga saitin sauti na dikodar ka zaɓi Dolby, domin idan tana kan sitiriyo layi biyu za ta riƙa turawa.

Akwai gidan da nake ba da shawarar akasin haka. Idan Hajiya da yara sun fi kallon Arewa24 da rana ba sa son kunna manyan sifiku, sa dikodar a talbijin, ka dawo da sautin risiba ta ARC ko oftikal. Kowa ya kalli abinsa da rimut ɗaya, da dare in maigida ya dawo ya kunna risiba. Wasu na'urorin suna da Standby Through ko HDMI Pass Through, wanda ke barin hoto da sauti su wuce zuwa talbijin ko risibar tana kashe, shi ma yana warware wannan.

Mene ne ARC da eARC?

A da wayar HDMI hanya ɗaya take bi, daga risiba zuwa talbijin. Da talbijin suka fara zuwa da YouTube da Netflix a cikinsu sai aka buƙaci sauti ya dawo baya. ARC shi ne wannan dawowar, ya shigo da HDMI 1.4 a 2009. Wayar da ke kai hoto ita ce ke dawo da sauti. Abin lura, kafa ɗaya ce tak a talbijin take da shi, an rubuta ARC a gefenta, kuma a risiba kafar HDMI OUT ce, ba IN ba. Na sha tarar da waya a HDMI 1 alhali ARC ɗin yana HDMI 2.

ARC na farko ƙarfinsa kusan na oftikal ne, sai dai talbijin da yawa suna iya tura Dolby Digital Plus ta cikinsa, wanda da shi manhajojin kallo ke aiko da Atmos. eARC ya zo da HDMI 2.1 a 2017, hanyarsa ta fi faɗi nesa ba kusa ba, yana ɗaukar TrueHD da layi takwas marasa matsi. Sai duka ɓangarorin biyu suna da shi zai yi aiki, idan ɗaya ne kawai za su koma ARC na da.

Na sa a kafar ARC amma babu sauti, ko yana yi sai a ɗauke wuta ya daina.

ARC ba ya tashi sai an kunna CEC, wato tsarin da na'urori ke magana da juna ta HDMI. Kowane kamfani da sunan da ya ba shi: Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony, Viera Link a Panasonic, EasyLink a Philips. A risiba ana rubuta HDMI Control. Kunna a duka biyun, kunna ARC ɗin kansa a risiba, sannan a saitin sauti na talbijin ka cire shi daga sifikun talbijin ka mayar kan risiba.

Batun ɗauke wuta kuwa, mu a Legas kullum muna cikinsa. Idan wuta ta yanke ba zato, ko aka juya daga nepa zuwa janareta, na'urorin sukan manta da juna. Zare filogin talbijin da na risiba daga bango, ba kashewa da rimut ba, ka cire sauran wayoyin HDMI, ka jira minti biyu. Mayar da talbijin da risiba su kaɗai, in sauti ya dawo sai ka riƙa mayar da sauran ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa wata ƙaramar akwatin Android ce ko tsohuwar dikoda ke rikita maganar. Idan abin ya zama na kullum, ja oftikal daga talbijin zuwa risiba ka huta, ka ɗaura ta da sunan TV kamar yadda na bayyana a amsar jadawali.

PCM zan zaɓa ko Bitstream?

Bitstream na nufin na'urar ta miƙa wa risiba sautin a ƙulle yadda ya zo, risiba ta kwance da kanta. PCM na nufin an riga an kwance shi kafin a miƙo. Matsalar ita ce oftikal, kowaksiyal da ARC na da, layi biyu kawai suke iya ɗauka na kwantaccen sauti. Saboda haka duk talbijin ko dikodar da ke kan PCM ta waɗannan hanyoyi, sitiriyo za ta ba ka. Zaɓi Bitstream, ko Pass Through, ko Dolby Digital, ko Auto, duk wanda na'urarka ta rubuta. Idan kuma HDMI ce kai tsaye daga PlayStation ko kwamfuta zuwa risiba, PCM ba laifi, layi shida ko takwas za su wuce cif.

Wanda ke kallon fim daga filash ya lura da wani abu. Talbijin ɗin Samsung daga na 2018 zuwa sama ba sa karɓar DTS, don haka fim mai wannan sautin zai nuna hoto babu murya. Ba risibar ba ce. Kunna fim ɗin daga wata na'ura da ka jona kai tsaye a risiba.

Sifikun gaba biyu ne kawai ke magana, na baya shiru. Sun lalace ne?

Kafin ka zarge su, dubi fuskar risibar ko ka danna Info. Tana nuna abin da ke shigowa. Idan ta rubuta PCM 2.0 ko Stereo, layi biyu aka ba ta. Ko dai saitin da ke amsar PCM da Bitstream ne bai daidaita ba, ko kuma abin da kake kallo da ma sitiriyo ne. Yawancin finafinanmu na Hausa, wa'azi, labarai da abubuwan YouTube da layi biyu aka haɗa su. Risiba tana iya baza su zuwa duk sifikun idan ka zaɓi Dolby Pro Logic II a tsofaffi, ko Dolby Surround ko DTS Neural:X a sababbi. Ni na fi son wannan ga finafinan Hausa, domin yana tattara magana a sifikar tsakiya ta fito tangaran. Ranar suna ko walima kuma da ake son ɗaki ya cika, akwai All Channel Stereo.

Ko a fim mai 5.1 na gaskiya, sifikun baya ba kullum suke magana ba. Ruwan sama, hayaniyar kasuwa, ihun 'yan kallo a filin ƙwallo, aikinsu ke nan.

Na sa oftikal, babu sauti. Yaya zan gane ko wayar tana aiki?

Cire kan da ke cikin risiba ka nuna shi a tafin hannunka. Idan ɗan jan haske ya bayyana, talbijin tana aikowa. Sabuwar waya tana zuwa da 'yar hular roba a kowane kai, mutane da yawa suna turawa da ita, cire ta. Kan yana shiga ta fuska ɗaya ne kawai, kuma za ka ji ya ce ƙas idan ya zauna. Kada ka lanƙwasa ta sosai a bayan kabad, cikinta na iya karyewa ba a gani daga waje. In haske yana zuwa amma shiru, koma jadawali.

Bakin mai magana da muryarsa ba sa haɗuwa.

Yawanci muryar ce ke riga hoto, saboda talbijin tana ɗaukar lokaci tana gyara hoton. Nemi Audio Delay ko Lip Sync a risiba. Ana auna shi da milisakan, 1000 ne ke yin daƙiƙa ɗaya. Tsarin talbijin ɗinmu hoto 25 ne a daƙiƙa, wato kowane hoto milisakan 40, don haka ina farawa da 40 in riƙa ƙarawa. Sa tashar labarai inda mutum ke kallonka yana magana, ka lura da leɓensa wajen b da m. Na'urori da yawa suna riƙe wannan lamba daban ga kowane suna, ta dikoda daban, ta GAME daban.

Idan muryar ce ke makara, ƙara jinkiri zai ƙara ɓata abin. Mayar da shi sifili, ka sa talbijin a Pass Through, ko ka ɗauke na'urar daga talbijin ka sa ta kai tsaye a risiba.

Akwai wani gurnani, huuu, da ke fita ko ba a kunna komai ba.

Gurnanin wutar lantarki ne, wadda a ƙasar nan take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Yana shigowa idan na'urori biyu da ke haɗe da waya suka samu wayarsu ta ƙasa, wato earth, daga wurare daban. Cire duk wayoyin shiga ka saurara. Idan ya yi shiru, mayar da su ɗaya ɗaya har ka kama mai laifi. A gidajen da na je, wayar da ta sauko daga tauraron ɗan'adam zuwa dikoda ce ta fi yin haka, sai wayar wufa. Tara duk kayan kallon a kan ekstenshan ɗaya mai kyau, ka raba wayoyin ja da fari da na wuta kada su kwanta tare. Oftikal tana yanke wannan matsala idan ita kaɗai ce ta haɗa na'urorin biyu, domin haske ba ya ɗaukar lantarki.

Ina roƙonka kada ka yarda wani ya karya haƙorin filogi na uku don gurnani ya tafi. Zai iya tafiya, amma wannan haƙorin shi ne ke tsakanin jikin ƙarfen na'urar da hannun yaronka. Idan gidan ba shi da wayar ƙasa mai kyau, mai aikin wuta za a kira.

In na juya daga dikoda zuwa DVD sai ƙara ta yi tsalle.

Kowane suna yana da ma'aunin ƙararsa. Denon da Marantz suna kiransa Source Level, Onkyo IntelliVolume, Yamaha Input Trim. Ɗauki wanda ka fi kallo ya zama ma'auni, ka rage ko ka ƙara wa sauran. Dolby Digital yakan fi sitiriyo yin ƙasa a wajen magana, domin an bar wa harbi da fashewa wuri. Mai zama a gidan haya da bango ɗaya ya raba shi da maƙwabci ya kunna Night Mode ko Dynamic Volume da dare, magana ta taso, tsawa ta sauka.

Yaya zan saka karatu ko waƙa daga wayar hannu ko kwamfuta?

Bluetooth ya fi sauƙi idan risibar tana da shi, kuma sitiriyo ne. Idan babu, sayi waya mai kan iyafis a gefe ɗaya da ja da fari a ɗayan, ka sa a AUX ko CD, ka ɗaga ƙarar wayar hannun kusan ƙarshe sannan ka riƙa juyawa daga risiba. Kwamfuta ta bi HDMI, ka shiga saitin sautinta ka zaɓi sunan risibar, ka gaya mata sifiku nawa gare ka.

Zan iya sa makirufo ko mikisa don taro? Rikoda da garmaho fa?

Makirufo ba ya shiga risiba kai tsaye. Ɗan ramin gaba da aka rubuta Setup Mic na makirufon awon ɗaki ne da ke zuwa a kwali, wanda tsarin daidaita sifiku irin su Audyssey ko YPAO ko MCACC ke amfani da shi. Don taro sai ka bi ta mikisa, daga fitarta zuwa AUX. Amma kayan masu kiɗa sun fi na gida ƙarfin sigina, kusan bolt 1.2 ne a kan bolt 0.3, don haka fara da ƙasa sosai. Furosesar da ke da XLR ita ce aka yi don karɓar irin wannan. Duk da haka ba na so a yi wa'azi ko sanarwar biki da sifikun falo, kukan makirufo sau ɗaya yana iya ƙona ƙananan sifikun sama. Hayar kayan taro ta fi sauya su araha.

Rikodar kaset ta shiga kowane ja da fari, ban da wanda aka rubuta Phono. Wannan na garmaho ne kaɗai, yana ninka sigina sosai, duk abin da ka sa masa daban zai fito a fashe. Garmaho kuma idan ka sa shi a CD za ka ji shi can ƙasa siriri, sai dai in yana da nasa ƙaramin amfilifaya a ciki.

Sai na sayi HDMI mai tsada?

A'a. A nisan mita biyu ko uku, waya mai inganci ta talakawa tana yin abin da mai kan zinariya ke yi. Abin dubawa shi ne ajinta: High Speed, Premium High Speed don 4K, Ultra High Speed don 4K mai hoto 120 a daƙiƙa. eARC yana son wadda aka rubuta with Ethernet ko Ultra High Speed. Alamar waya mara kyau ita ce hoto ya riƙa ɗaukewa, ko ƙyalƙyali kamar yashi, ko sauti ya riƙa yankewa. A Alaba ko Kwamfuta Bileji na Ikeja ka ce a gwada maka a talbijin ɗin 4K kafin ka biya. Wanda zai bi da ita ta cikin silin mita goma ko fiye ya nemi mai zaren haske, ya lura tana da kai da gindi, Source wajen risiba, Display wajen talbijin, kuma a sa ta cikin bututu don a iya jawo ta wata rana.

Risibata tsohuwa ce, talbijin sabuwa, ga PlayStation 5.

Tsofaffin risiba ba sa wucewa da 4K, wasu kuma ba su da HDCP 2.2, makullin kariyar da finafinan 4K ke nema, sai allo ya yi baƙi. Kada ka jefar da ita, amfilifayarta na iya fin na sababbi da yawa. Sa duk na'urorin a talbijin, ka dawo da sauti ta ARC ko oftikal. PlayStation 5 da Xbox Series X ba su da oftikal, don haka ta talbijin ɗin za ka ɗauka, ka zaɓi Dolby a saitin wasan.

Na sayi tokumbo. Me zan duba kafin in jona, kuma yaya zan kare ta?

Karanta rubutun da ke kusa da wayar wuta. Wutarmu bolt 230 ce. Kayan Amurka 120 ne, na Japan 100. Risiba ba kamar cajar waya ba ce da ke karɓar kowace wuta, jonawa ɗaya ta isa ta ƙone ta. Nemi taransifoma mai saukar da wuta wadda ƙarfinta ya zarce wat ɗin da aka rubuta a jiki, ka liƙa takarda a filogin don wanda bai sani ba.

A abin da nake gani, allon HDMI ne ke fara mutuwa. Sa sitabilaiza mai jinkirin kunnawa, ka kashe kayan kafin a juya zuwa janareta, kada ka zare ko ka sa HDMI alhali na'urori suna kunne. Da damina, musamman Yuni da Yuli, in hadari ya haɗu da tsawa, cire filogi da wayar tauraro duka, domin tsawa takan biyo ta dikoda ta shiga HDMI. Mai furosesa ya kunna amfilifaya a ƙarshe, ya kashe ta da farko. Ga kuma danshin Legas da iskar gishiri ga na kusa da ruwa, suna sa kan ja da fari ya yi tsatsa har sifika ɗaya ta riƙa ɗaukewa. Zare su sau biyu a shekara, ka goge da ɗan tsumma da sifirit, ka bari su bushe. Bar sarari kamar tafin hannu a saman na'urar, kada a ɗora mata dikoda ko a rufe ta da ƙyallen ado.

Yaushe ne ya kamata in kai ta wajen mai gyara?

Bayan gwaji uku. Na farko, tabbatar ba a kan Mute take ba, babu iyafis a gaba, kuma rimut ɗin bai koma Zone 2 ba, wato saitin sifikun wani ɗaki. Na biyu, shiga saitin sifiku ka kunna Test Tone. Idan kowace sifika ta yi shuuu bi da bi, amfilifaya da sifiku lafiya lau, matsalar tana wajen shiga, koma amsar jadawali. Na uku, gwada kowace irin kafa da na'urar da ka tabbatar tana aiki. Idan ja da fari da oftikal suna yi amma duk HDMI sun mutu ko da sabuwar waya, ko bayan ka mayar da ita saitin masana'anta, allon HDMI ne, kuma kafin a samu gyara kana iya ci gaba da kallo ta oftikal daga talbijin.

Idan tana kunnuwa ta kashe kanta da jan haske yana ƙiftawa, zare ta daga wuta ka duba wayoyin sifika, sili ɗaya na tagulla da ya taɓa maƙwabcinsa yana sa haka. In ka cire duk wayoyin sifikun ta ci gaba da kashe kanta, ko ka ji ƙaurin ƙuna, daina kunnawa. Ɗauke ta da rimut ɗinta da hoton bayan da ka ɗauka, ka rubuta wa mai gyaran kafofin da ka gwada da abin da kowace ta yi.